Baƙo a Tokiyo, baƙo a Madawa

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da idanu, kuma da wuya a sami ƙasar da ta fi Japan gaskata wannan magana. Mutum ya yi boko har ya gaji, ya tara takardun shaida, ya iya Faransanci da Ingilishi, amma ran da ya sauka Tokiyo ya ɗaga kai ya dubi allunan da suka lulluɓe titi tun daga ƙasa har ƙololuwar benaye, nan take ya koma jahili: bai san ƙofar da ke gabansa ta mai abinci ce ko ta wanzami ba. Turawa da yawa sun ɗanɗani wannan hali, waɗansu har littattafai suka rubuta a kai. Mun ɗauko zancensu a wannan shafi ne saboda makantar da su suke shiga ta mako biyu ko uku, su koma gida suna ba da labarinta cikin raha, ita ce manomin Adar yake ciki tun daga goyo har kushewa, a kan hanyar garinsu, a ƙofar ofishin da ke karɓar harajinsa.

Wani marubuci mai suna Lafcadio Hearn ya sauka tashar jiragen ruwa ta Yokohama a watan Afirilu na 1890. A cikin littafin da ya fitar a 1894 ya ba da labarin yininsa na farko, yana zaune cikin keken da mutum yake ja, ana zagayawa da shi gari. Babu abin da ya ɗauke masa hankali kamar rubutu: a jikin ƙyallayen da ke rataye a ƙofar kantuna, a ginshiƙai, har a bayan rigunan leburori. Ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba, amma ya gane cewa ƙawar titin daga rubutun nan take, har ya yi tunanin irin munin da wurin zai yi in da za a kankare shi a maye gurbinsa da baƙaƙen Turawa.

Shekara 76 bayan haka, a 1966, wani shaihin malami na Faransa, Roland Barthes, ya fara zuwa Japan, kuma a 1970 ya wallafa ɗan littafi inda ya kira ƙasar daular alamomi. Shi ma bai ji yaren ba, kuma daɗi abin ya yi masa: a ganinsa zama cikin harshen da ba ka fahimta hutu ne, domin maganar banza ba ta shiga kunnenka. Ya lura kuma yawancin titunan Tokiyo ba su da suna, in za ka gidan wani sai ya zana maka hanya a ƴar takarda. To, hutu ne kam ga wanda yake da tikitin komawa Paris cikin aljihu da masu masauki da ke yi masa tafinta. Sai a tambayi tsohuwar da ta taso daga ƙauyen Karofane da jikanta a baya yana fama da masassara, ta tsaya tsakanin ƙofofi huɗu kowace da rubutu a samanta, ko ita ma hutawa take yi.

Wanda ya je Japan a yau ba ya makancewa irin ta Hearn, kuma yadda aka rage masa makantar shi ne darasin da ya shafe mu. A dubi allon tashar jirgin ƙasa. Sunan tashar yana nan da manyan baƙaƙen da Japanawa suka aro daga Sin, waɗanda suke kira kanji. Hukuma ta tsayar da guda 2,136 a 2010 a matsayin na amfanin yau da kullum, kuma yaro yakan kwashe shekarun makaranta tara kafin ya haɗa su. Tare da shi akwai sunan da hiragana, wato ƙananan baƙaƙensu guda 46 masu bin lafazi, waɗanda ɗan aji ɗaya yake ƙarewa cikin watanni. Sa'annan a ƙasa sunan ya zo da baƙaƙen boko domin baƙo, a manyan birane har da Sinanci da Koriyanci, kuma tun 2004 jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo suka ba kowace tasha harafi da lamba domin wanda ko sunan ba zai iya riƙewa ba. Mai karatu ya lura da jerin: babban ɗan ƙasa, yaron ɗan ƙasa, sa'annan baƙo. An girmama baƙon, an ba shi shimfiɗa, amma ba a tashi mai gida daga gadonsa ba.

Haka alamar tsayawa a mararraba. Tasu mai kusurwa uku ce, ja, kanta a ƙasa, an rubuta kalmar tsaya da Japananci. Ta yi fiye da shekara 50 a haka. Sai a 2017, da wasannin Olamfik na Tokiyo suka gabato, aka fara ƙara kalmar Ingilishi a ƙarƙashin tasu. Mu kuwa allon tsayawarmu da Ingilishi yake, wanda Faransa ta aro ta miƙo mana. Aro a kan aro. Turkiyya ta rubuta nata da Turkanci, ƙasashen Latin Amurka da Sifaniyanci, mutanen Kebek na Kanada da Faransanci, kuma ba mu ji an ce motocinsu sun ƙi tsayawa ba.

Yanzu mai karatu ya biyo mu mu bar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, mu ratse a Madawa mu yi arewa, Buza, Keita, har Tawa. A ƙirga allunan da ke kan wannan hanya, a ware waɗanda mutumin wurin zai karanta ya fahimta ba tare da ya nemi ɗan lakwal ba. Tun daga sunan garin aka fara raba shi da abinsa. Shi ya san Madawa, allo ya ce Madaoua. Ya san Buza, allo ya ce Bouza. Sabon Gida, kalmomi biyu da kowane yaro ya sani, an cusa musu wani harafi sun koma Sabon Guida, don kada Bafaranshe ya yi tuntuɓe wajen faɗa. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya koyi karatun Hausa da zufan goshinsa, in ya zo gaban wannan allo sai ya soma shakkar karatun nasa. Shekara 65 da ƴan kai bayan saukar da tutar Faransa, har yanzu muna rubuta sunayen garuruwanmu yadda bakin kwamanda ya iya furta su.

Daga nan sai allunan ayyuka. Duk wanda ya san Adar ya san dajin ƙarfen da ke tarbar mutum a mashigar kowane ƙauye: allo bayan allo, wani sabo, wani ya yi tsatsa, wani iska ta karkata shi awaki suna sosa jiki da shi. A kowanne akwai tutar ƙasar da ta ba da kuɗi, da jerin baƙaƙe biyar ko shida da ko ma'aikatan aikin sai sun yi tunani kafin su warware, da adadin miliyoyi. Ba muna raina ayyukan ba ne. Aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 tare da FAO da hukumar abinci ta duniya, ya farfaɗo da faƙo mai yawa, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa, kuma mata ne suka fi yawa cikin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska, har ƙasashen waje ana ba da misali da su. Tambayarmu ita ce: allon da aka kafa a bakin aikin, wa yake yi wa magana? Matar da ta ɗauki dutsen ba ta cikin lissafi. An kafa shi ne domin baƙon da zai zo daga Rum ko Burussel cikin farar mota, ya sauka, ya ɗauki hoto, ya sa cikin rahoto. A Japan baƙo ne na uku a kan allo. A Keita shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Su kansu Japanawan sun bar sawu a nan. Shirin nan na makaranta don kowa, wanda hukumar JICA ta tallafa, a jihar Tawa ya fara a 2004 kafin a yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Ƙarfinsa duka a taron gari yake: iyaye su zaɓi ƴan kwamitin makaranta da ƙuri'ar asiri, su zauna su tattauna da harshensu abin da makaranta take bukata, su yi karo-karo. Amma sunan da aka laƙaba wa kwamitin, COGES, gutsattsarin Faransanci ne da babu uban yaro ɗaya cikin goma da zai faɗi abin da yake nufi. Mutanen da ba su yarda a rubuta sunan tasharsu da harshen wani kaɗai ba, da suka zo nan sai suka tarar da al'adarmu, suka bi. Laifin ba nasu ba ne. Baƙo rawar ƴan gari yake takawa.

Wani zai ce wannan duka zancen alfahari ne, ciki ba ya cika da haruffa. To bari mu zo inda abin yake taɓa aljihu da rai.

A ƙasar Hausa ta Nijar ba a ƙirga kuɗi da tamma ɗai-ɗai, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Abin da takarda ta kira 100, bakin kasuwa dala ashirin yake cewa. 500 dala ɗari ce. 1000 jika ce. Ke nan ko mutum ya san lambobi sarai, kamar yadda kowane ɗan kasuwar albasa ya sani, lambar da ke rubuce a allon ofis da wadda ke kansa sun bambanta ninki biyar. Wanda ya saba yana juyawa nan take. Wanda bai saba ba, tsoho, mace daga ƙauye, makiyayi, abin da aka faɗa masa da baki shi ne farashi. Tun 2006 gwamnati ta ayyana cewa duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka fiɗar haihuwa. Kuɗin takardar haihuwa, kuɗin rumfa a kasuwa, kuɗin shigar da dabba kara, tarar kabu-kabu, duka suna da ƙa'ida a rubuce wani wuri. Amma ƙa'idar da mai biya ba zai iya karantawa ba, ƙa'idar mai karɓa ce. Ba mu ce kowane ma'aikaci macuci ba ne, da yawa suna aiki tsakani da Allah cikin ƙuncin da su ma ba su zaɓa ba. Mun ce an bar ƙofa a buɗe, kuma an san inda iska take shigowa. Japanawa ma suna da irin wannan saɓani, domin su da dubu goma-goma suke ƙirga manyan kuɗi, suna da kalma guda ta dubu goma. Abin da suka yi shi ne suka sa wa kalmar harafinta a kan allunan farashi, mai saye ya karanta kuɗi yadda yake ƙirga su a zuci.

Sai maganin ƙwari. Fadamar Tarka da ta Magiya suna ciyar da kasuwannin Abijan da Akara da albasa, kuma duk mai lambu yana feshi. Da yawa cikin kwalaben da ake sayarwa a kasuwannin ƙauye ta iyakar Najeriya suke shigowa, da rubutun Ingilishi, waɗansu ma ba su cikin jerin da kwamitin ƙasashen Sahel ya amince da su. A gindin takardar kwalba akwai zirin launi da aka tsara a duniya don nuna ƙarfin guba: ja shi ne mafi haɗari, sa'annan rawaya, shuɗi, kore. Akwai ƙananan zane-zane na safar hannu da abin rufe hanci. Akwai adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wa ya taɓa kafa allo ɗaya da Hausa a kasuwar Madawa ko ta Tamaske yana bayyana wa manomi ma'anar launukan nan huɗu? Yaro yana feshi da ƙafa ba takalmi, iska tana maido masa da maganin a fuska, kwalbar in ta ƙare a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Bayanin da zai tsare shi yana hannunsa, a rufe da harshen da bai sani ba.

Ga kuma ƙoramu. Mutanen Buza da Keita sun san yadda ruwa yake saukowa daga tsaunuka da damina ba sallama, mashigin da aka ƙetare da safe ƙafa a bushe, da la'asar ya ɗauki mota da fasinjojinta. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan. A arewa maso gabashin Japan, a wani ɗan ƙauye mai suna Aneyoshi, akwai wani dutse da aka kafa bayan igiyar teku ta share garin a 1896 ta kuma sake a 1933. An sassaƙa gargaɗi a jikinsa cewa kada zuriya ta yi gini ƙasa da wurin. Suka ji. Ranar 11 ga Maris 2011, da igiyar da ta hallaka dubban mutane ta zo, ruwa ya tsaya ƙasa da dutsen, gidajen ƙauyen suka tsira. A garuruwan gaɓar tekunsu za ka ga an manna wa turakun lantarki ƙaramin allo mai faɗin tsayin wurin daga teku da inda za a gudu. Turke mai fenti a bakin kowane mashigi tsakanin Madawa da Keita, da jan layi, da kalmomi huɗu na Hausa cewa in ruwa ya kai nan kada a shiga, nawa zai ci? Bai kai kuɗin man tawaga ɗaya da za ta zo jaje ba.

Kada a ɗauka Japanawa da wannan hikima aka haife su. Wuya ce ta koya musu. Ɗan koren mutumin nan mai gudu zuwa ƙofa, wanda yanzu ake gani a filayen jiragen sama na duniya, gobara ce ta haife shi: ta wani babban kanti a Osaka a 1972 wadda ta ci mutum 118, da ta Kumamoto a 1973 wadda ta ci fiye da 100. Aka gane cewa cikin hayaƙi da firgita rubutu ba ya isa, yaro da baƙo ba sa karanta shi, aka yi gasar zane, mai zane Yukio Ota da abokan aikinsa suka daidaita hoton, daga baya duniya ta karɓa. Tubalan nan masu ƙuraje da ake shimfiɗawa a gefen titi domin makaho ya ji hanya da sandarsa, wani mutumin Okayama mai suna Seiichi Miyake ya ƙago su, aka fara shimfiɗa su a 1967 kusa da makarantar makafi. Bayan girgizar ƙasa ta Kobe ta 17 ga Janairu 1995, wadda ta kashe fiye da mutum 6,000, aka lura baƙi mazauna ƙasar sun sha wuya saboda sanarwar hukuma da Japananci mai nauyi ake yin ta, kuma ba dukansu suke jin Ingilishi ba. Daga nan aka soma tsara abin da suke kira sassauƙan Japananci, gajerun jimloli da kalmomin yau da kullum. Wannan na ƙarshe gargaɗi ne gare mu tun kafin mu fara: in za a juya allon Faransanci zuwa wata Hausar ofis da babu mai yin ta a kasuwa, an gudu ne ba a tsira ba.

Kuma ba aljanna ba ce. Matafiya suna kukan yawan allunan da sanarwar lasifika har kai ya yi ciwo, suna dariyar karyayyen Ingilishin da ake rubutawa, kuma an sha samun wuraren wanka da mashaya da suka rataya allon cewa ba sa karɓar baƙi, har wata shari'a ta kai kotu a kan haka a garin Otaru. Allo yana iya zama ƙofa, yana iya zama katanga, a can ma.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, masu mulkin ƙasar nan sun san amfanin harshen jama'a sarai, ranar da suke da bukata. A tuna bayan Taron Ƙasa na 1991, da aka buɗe fagen jam'iyyu. Kowace ta ɗauki dogon suna na Faransanci domin takardun ma'aikatar cikin gida, amma ta liƙa masa wutsiyar da talaka zai riƙe: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya, Sawaba, Shamuwa, Alheri, Amana. Aka zaɓi launi, aka zaɓi hoto, domin tsohuwar da ba ta karatu ta gane takardar ƙuri'arta a zaɓen 1993. Babu ɗan takarar da ya taɓa hawa mumbari a Buza ya nemi ƙuri'a da Faransanci. Da an rantsar da shi, sai Hausa ta koma harshen masu jira a waje. Haka kamfanonin wayar salula da masu sayar da ɗanɗanon miya: tallarsu ta iya Hausa. Direbobin manyan motoci sun daɗe suna rubuta addu'a da habaici a goshin motocinsu da Hausa, ba su jira doka ba. Wanda yake neman wani abu a hannun talaka ya san yarensa; wanda talaka yake neman haƙƙinsa a hannunsa ne kaɗai ba ya ji.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Hukumar yaƙi da jahilci ta buga ƙananan jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, an tsayar da ƙa'idar rubutunsu a 1999, dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10. A watan Oktoba na 2024 hukumomin soja suka sauya sunayen waɗansu tituna a Yamai, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary. Sa'annan kundin da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi guɗa, an yi gunaguni. Amma cire sunan Bature a sa na ɗan ƙasa, alhali kalmar da ke gaban sunan tana nan da Faransancinta, sauya hula ne kai yana nan. Mutumin Urno ba zai san an sauya wani abu ba sai ran da ya shiga ofis ya karanta da kansa ƙofar da zai ƙwanƙwasa da kuɗin da zai biya.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta jahilci: tun da manyan da suka iya karatu a ƙasar nan ba su kai 4 cikin 10 ba, wanda bai iya ba, Hausa da Faransanci duk ɗaya ne a idonsa. Wannan magana tana da kamar gaskiya, amma a duba ta da kyau. Allon Faransanci yana bukatar mutum ya haye katanga biyu, ya iya haɗa baƙi, ya kuma san harshen. Allon Hausa katanga ɗaya ce. Yarinya ƴar aji biyu da take haɗa baƙi da ƙyar za ta iya karanta wa kakarta shi da ƙarfi, kakar ta fahimta ko da ita yarinyar ba ta gama ganewa ba. Sa'annan wa ya ce waɗanda ƙididdiga ta kira jahilai ba sa karatu? Babu ƙauyen Adar da ba shi da makarantar allo, kuma wanda ya iya baƙaƙen Larabci taki kaɗan ya rage masa ya karanta ajami. Ƴan kasuwar kan iyaka sun san takardun Naira manya suna ɗauke da adadinsu da ajami. Takardar sefa ba ta taɓa yi musu wannan karamci ba. Japan, lokacin da ta kafa tsarin makarantun zamani a 1872, ta tarar da dubban ƙananan makarantun unguwa da suke kira terakoya, inda ƴaƴan talakawa suke koyon karatu da lissafi, sai ta ɗora a kan wannan harsashi. Mu namu harsashin muka kira shi jahilci muka koma gefe muna haƙa sabo. Kuma wanda ya koyi karatu a ajin manya, in bai ga abin karantawa ba a hanya, a asibiti, a kasuwa, cikin shekara biyu karatun ya gudu. Allo makaranta ce da ba ta biyan malami.

Su ma Japanawan an jarrabe su da irin shawarar da ta ci mu. A 1872 Mori Arinori, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya kawo tunanin a ɗauki Ingilishi, har ya rubuta wa wani masanin harsuna na Amurka yana neman ra'ayinsa, masanin ya ba shi shawarar kada ya yi. A 1946, ƙasar tana cikin tokar yaƙi, wani mashahurin marubucinsu, Shiga Naoya, ya ce a yar da Japananci a ɗauki Faransanci. I, Faransanci. A wannan shekarar tawagar ilimi ta Amurka ta ba da shawarar a koma rubutu da baƙaƙen boko. Ba su bi ko ɗaya ba. Suka rage yawan kanji, suka sauƙaƙa siffarsu, suka ci gaba da abinsu.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Japan kusan harshe ɗaya gare ta. Mu ba haka muke ba, kuma waɗanda suka yi gunaguni a kan kundin 2025 suna da dalili. Ko a nan cikin Adar da Gobir Tudu ba Hausawa kaɗai ba ne. Kel Geres suna nan a Azarori da Galma, Lisawan suna Keita, Fulani suna ko'ina da dabbobinsu. In aka tuɓe Faransanci aka naɗa Hausa ta yi wa sauran irin abin da aka yi mata, an sauya mai danniya ne kurum. Amsar tana jikin allon tashar Tokiyo: allo ɗaya yana ɗaukar rubutu huɗu ba ya karyewa. Abzinawa suna da tifinar, rubutun da ya riga boko zuwa ƙasar nan da ƙarnuka, mata ne ma suka fi riƙe shi. A rijiyar makiyaya da bakin burtali, Tamajak da Fulatanci ya kamata su hau sama. A kasuwar Madawa, Hausa da boko da ajami. Faransanci ya zauna a layin ƙasa domin ma'aikacin da aka turo daga Dosso ko Diffa da baƙon da ya zo wucewa. Ba mu ce a kore shi ba, shimfiɗar baƙo muka ce a ba shi.

Batun kuɗi kuwa ba ya tasowa. Gwangwanin fenti bai san harshe ba, kuma masu rubutun allo suna nan a kowace tasha suna zana kan aski da kofin shayi. Tun watan Afirilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, saboda haka babu wanda zai fake da cewa majalisa ba ta zauna ba. Kantoman Madawa, na Buza, na Keita, na Tamaske, na Ibohamane, kowanne yana da ikon ya sa a rubuta kuɗin rumfa da na kara da na takardun ofishinsa a bango, da Hausa, da lambar sefa a gefe ɗaya da ta dala a ɗaya gefen, ya kuma gindaya wa duk ƙungiyar da ta zo kafa allo a ƙasarsa sharaɗin cewa layin farko na mutanen garin ne: me za a yi, nawa aka ware, yaushe za a gama, wa za a tambaya in ba a gama ba. Wannan layi na ƙarshe shi ne muke zaton zai fi wuyar samun mai sa hannu.